Motar Kanti a Hannun Yaron Ƙauye

Kwana uku motar ta yi a raye. Na sayo ta a kasuwar Sabon Gari ana jajibirin ƙaramar Sallah, ja, mai rimot, da fitila a ka irin ta 'yan sanda da jiniya mai hana barcin rana. Kuɗin da na ba da a kanta zai auno gero kwano da dama, shi ya sa ban faɗa wa yayana farashin ba. Ɗansa na kai wa, yaro ɗan shekara takwas, a ƙauyenmu da ke ƙasar Ringim. Ranar Sallah har yaran unguwar gabas sai da suka zo kallo. Ranar da zan komo Kano na leƙa bayan rumbu, na tarar da gangar jikin motar a rigingine, cike da ruwa, 'yan tsaki sun kewaye ta suna sha.

Tayoyin huɗu sun koma ƙarƙashin wata tirela ta karan dawa mai tsawon kamu biyu. Ɗan injin da ke juya su an ciro shi, an soka masa farfelar da aka yanka daga murfin roba, an haɗa da tsohon batirin waya, ya zama fanka. Fitilar tana maƙale a goshin tirelar. Rimot kuwa yana hannun ƙanwarsa, ta kara a kunne tana ta sababi da wani da ya ci ƙosai bai biya ba.

Uwar yaron ta riga ta karyo tsumagiya. "Kai dai ba ka barin abu ya kwana lafiya. Baffanka ya kashe kuɗinsa, ka yi masa wannan ta'adi?" Ni ma raina ya sosu. Mahaifiyarmu ce, tana zaune tana ɓarar gyaɗa, ta ce ko ɗago kai ba ta yi ba: "Ku ƙyale mini maigidana. Wanda ya sayi rariya ai ya san za ta zubar da ruwa."

Tun daga ranar nake juya abin a raina, kuma inda na tsaya shi ne ni da yaron ba abu ɗaya muka gani a cikin kwalin nan ba. Ni mota na saya. Shi kuwa abin da ya shigo hannunsa tayoyi ne huɗu masu kyau, da inji, da fitila, da 'yan wayoyi, da kwano, wani ya ɗaure su wuri guda da ƙananan noti.

Yawancin irin waɗannan kayan wasa daga ƙasar Sin suke zuwa, kuma gundumar Chenghai ta birnin Shantou, a lardin Guangdong, ta yi suna wajen ƙera na roba masu batir. Wanda ya zana motar a can yana da yaro a ransa: mai ɗaki da tayil mai santsi, mai uban da zai riƙa sayen batir duk mako. Mu kuwa ƙasarmu rairayi ce, sunan jiharmu ta Jigawa ma daga jigayin rairayin nan aka samo shi. Motar da aka yi don tayil in ta shiga yashi sai ta tsaya tana gurnani tana tona wa kanta rami. Batir huɗu take ci, kuma kafin a gama yawon Sallah sun yi sanyi. Abin da ta iya ma bai wuce huɗu ba: gaba, baya, fitila, jiniya. Yaro mai kai, awa guda ta ishe shi ya haddace ta. Daga nan kuma sai me?

Wanda bai taso a ƙauye ba yakan ɗauka motar kara maneji ce, abin hannun yaron da bai samu ta kanti ba. Mu da muka yi ta mun san daɗin yana cikin ƙirar. Da an yi girbi sai a shiga gona zaɓe, don ba kowane kara ke yi ba, sai wanda ya bushe bai ruɓe ba, mai dogayen gaɓoɓi. A feƙe ɓawon siri-siri, shi ne ƙusa, shi ne ƙarfen gini. Totuwar ciki mai laushi ita ce katako, a cikinta ake soka ɓawon. Inda ake son ƙarfi a sa ƙayar aduwa. Taya a yanko ta daga tsohon silifas ko sakaina, a yi ta gogawa a dutse har ta zagaye, a huda tsakiyar da ƙusa mai zafi, kuma in hudar ta kauce ko kaɗan motar za ta riƙa ɗingishi, abokai su yi ta maka dariya har mako. Wanda ya ƙware har sifirin yake yi wa tasa, ya lanƙwasa ɓawo yadda in ta hau gargada za ta yi rangaji kamar ta gaske, ya sa mata dogon sitiyari da zai tuƙa yana tsaye. Yatsu su sha yanka, don ɓawon kara reza ne. A yi kwana biyu ana wannan aiki, a tuƙa ta yini ɗaya, a yi karo da ta wani da gangan, ta wargaje, a koma gona. Ban taɓa ganin wanda ya yi kukan motar kara ba.

Yaron da ya saba da haka, in ka miƙa masa abin da aka riga aka gama, ƙarshen wasa ka ba shi, an cinye masa farko da tsakiya a wata masana'anta. Dole ya kwance, don ya samu abin farawa.

Kayan wasan ƙauye ma da lokacinsu suke zuwa, kamar mangwaro. Damina ta laka ce, shanu masu tozo da tukwane da raƙuma. Kaka ta kara. Iskar hunturu ta jirgin leda. Azumi na tashe, inda gemun auduga da tsummokara ke mai da ɗan shekara goma tsoho mai sanda. Kowanne ya zo ya wuce kafin a gaji da shi. Roba ce ba ta da kaka ba ta da damina.

Dokin kara kuwa har cikin karatun masana ya shiga. Lev Vygotsky, masanin halayyar yara a tsohuwar Tarayyar Sobiyet, a wata lacca da ya gabatar a 1933, shekara guda kafin rasuwarsa, da wannan misalin ya yi bayani: yaro ya hau sanda ya ce doki ne. A wajensa wannan babban mataki ne. Ɗan ƙaramin yaro abin da ido ya gani shi ke juya shi, ya ga ƙofa ya tura, ya ga cokali ya kai baki. Ranar da ya ɗora ƙafa a kan kara ya fara sukuwa, ranar ce ya raba ma'ana da abin da ke ɗauke da ita, sunan doki ya sauka daga jikin doki ya hau kara. Dabarar nan ce zai buƙata gobe a gaban allo, inda ɗan zane mai ɗigo ɗaya a ƙasa zai zama "ba", alhali babu abin da ya haɗa zanen da sautin sai yarda.

Amma Vygotsky ya lura da wani abu da masu yabon kaifin tunanin yara kan tsallake: ba kowane abu ke zama kowane abu ba. Kara yana zama doki domin ana hawansa a ja shi a guje, katin wasiƙa kuwa ba zai zama doki ba. Rimot ya zama waya domin yana da maɓallai kuma ya dace da tafin hannu da kunne. Gangar mota ta zama kwanon 'yan tsaki domin tana riƙe ruwa kuma bakinta bai yi musu tsawo ba. Wato akwai dubawa a cikin abin, akwai aunawa: me wannan zai iya, ban da abin da aka ce an yi shi dominsa?

Haka nan wasan ba sakaka yake ba. Ka tsaya ka kalli yara suna wasan tasha a kan amalanken da aka kwance wa shanu. Akwai direba, akwai ɗan kamasho mai kiran "Gujungu, Gujungu, saura mutum ɗaya!", ganyen darbejiya ne kuɗi, kuma wanda bai biya ba ba zai hau ba ko zai shiɗe don kuka. Fasinja ya taɓa sitiyari, rigima ta tashi. Dokokin da suke ɗora wa kansu sun fi na jikin kwalin motata tsauri, kuma suna bin su ba tare da bulala ba.

Mu manya akwai wata makantar da muke fama da ita, wadda Karl Duncker, wani masani Bajamushe, ya nuna da gwaji mai sauƙi. Ya ba mutane kyandir da ashana da ɗan akwati cike da ƙananan ƙusoshi, ya ce su kafa kyandir ɗin a jikin bango yadda zai ci. Mafitar ita ce a juye ƙusoshin, a kafe akwatin a bango, a ɗora kyandir a kai. Da yawa ba sa hango haka, domin sun ga akwatin yana aikin mazubi, sai tunaninsu ya tsaya nan. In an ba su akwatin a wofi, ƙusoshin a gefe, sai a fi saurin ganowa. A shekarar 2000 Tim German da Margaret Defeyter suka yi wa yara gwaji mai kama da wannan, suka tarar 'yan shekara 5 ba ruwansu ko akwatin na da kaya a ciki ko babu, amma 'yan 6 da 7 sun fara maƙalewa kamar manya. Ashe sanin amfanin abu yana zuwa da harajinsa, yana rufe ido daga sauran amfaninsa.

Sai dai a nan ne na ga abin dariya a fushinmu na ranar. A duba gidan da ake shirin dukan yaron. Gugar da ake jan ruwa da ita tsohon tif ɗin mota ne. Robar da yayana ke ɗaure buhu da ita a bayan babur, tif ne aka tsaga. Takalmin da yake shiga gona da shi daga taya aka fere shi. Buhun taki ya zama shimfiɗar shanya, ya zama labulen banɗaki, ya zama jakar littattafan Islamiyya. Gwangwanin madara shi ne ma'aunin mai awo, a da kuma shi ne fitilar aci-balbal. Jarkar mai ta koma ta ɗebo ruwa, da ta fashe aka yanke ta aka mai da ita komin awaki. Maƙerin garinmu da sifirin mota yake ƙera gatari, kuma ranar Lahadi a Gujungu tukwanen alminiyam da mata ke taya wa, tarkace ne aka narka aka zuba. Babu ko ɗaya a cikin waɗannan da kamfanin da ya yi shi ya nufa da haka. Rayuwar ƙauye kacokan a kan sake wa abu aiki take tafiya, kuma a cikinta yaron ya buɗe ido. Abin da ya ga ubansa na yi shi ya yi. Bambancin kawai, uban yakan jira abu ya mutu kafin ya sake masa aiki. To, a lissafin yaron, motar ta mutu tun ranar da batir ya ƙare kuma ya san ba mai sayo wani.

Ni ma ina da nawa kason. Da na ba shi motar ban sake ta ba sai da na durƙusa na yi masa darasi: nan gaba, nan baya, kada ka taɓa nan, kada ka sa ta a yashi. A 2011 Elizabeth Bonawitz da Laura Schulz da abokan aikinsu a Amurka suka buga sakamakon wani gwaji da ya shafi wannan. Sun haɗa abin wasa mai bututu huɗu, kowanne da abin da ya ɓoye: ɗaya yana ƙara in an ja shi, ɗaya fitila, ɗaya kiɗa, ɗaya madubi. Wasu yaran aka ce musu ga yadda abin ke aiki, aka nuna musu ƙarar kaɗai. Wasu kuma mai gwajin ta yi kamar a bisa kuskure ta ja bututun ya yi ƙara, ta bar musu. Waɗanda aka koya wa sun fi saurin ajiye abin, kuma sun fi ƙarancin gano sauran ukun. Bayanin da masu binciken suka yi shi ne yaro yana kyautata wa babba zato: da akwai wani abu, ai da ya nuna mini. Koyarwa tana gajarta hanya, tana kuma toshe hanyoyin gefe. Ɗan yayana ya bi darasina kwana biyu cur, gaba, baya, a kan tabarma. Mutuwar batir ce ta 'yanta shi daga hannuna.

Wannan ya fi nauyi a wajenmu saboda yadda muke renon yara. Ɗan Bahaushe da kallo yake koyo. Ɗan maƙeri sai ya daɗe yana zuga kafin a miƙa masa guduma, ba a yi masa dogon bayani, shi ma ba ya yawan tambaya, don yaro mai yawan tambaya a gaban manya ana ganin bai da ta ido. Tsarin yana da amfaninsa, ya fitar da masu sana'a masu haƙuri da lura. Amma yana barin yaro da tambayoyi cike da ciki, kuma bayan rumbu ne wurin da yake yi wa abubuwa tambayar da ba zai iya yi wa mutane ba. Me ke cikin nan? Me ke sa ta juyawa? In na juya wayar nan, baya za ta yi? Mota ba za ta ce masa "rufe mana baki" ba.

Akwai wani ƙaramin bincike da ake yawan ambata, na Jami'ar Toledo a jihar Ohio ta Amurka, wanda aka buga a 2018. Yara 36 ne, masu wata 18 zuwa 30, aka ba su kayan wasa 4 a wani zama, 16 a wani. Da huɗun sun fi daɗewa a kan kowane ɗaya, kuma sun fi sarrafa shi ta hanyoyi iri-iri. Wani gidan tarihin wasa a birnin Rochester na Amurka ma ya sa kwali a jerin fitattun kayan wasansa a 2005, ya ƙara da sanda a 2008. Sanda fa, irin wadda awaki ke tsallakewa a ƙofar gidanmu. Amma a yi hattara da irin waɗannan labarai. Yaran Toledo an rage musu ne na ɗan lokaci, su koma gida su tarar da ɗaki cike. Ba hujja ba ce ta cewa rashi alheri ne, kuma wanda ya ƙoshi ne ke yabon yunwa.

Ƙanwar yaron mai rimot fa? 'Yan mata ma suna juya kayan wasa yadda suka ga dama, sai dai ba a cika kiran nasu ɓarna ba. A ba yarinya 'yar tsanar roba mai jan gashi da guntun siket, kafin magariba an tuɓe siket ɗin an ɗaura mata ƙyalle, an yi mata kalaba, an rambaɗa mata kwalli da gawayi, an goya ta. Ran nan a yi suna, a tuƙa tuwon ƙasa a gwangwanin tumatir, a yi miyar ganye, a gayyato ƙawaye, har da mai guɗa. Wanda ya ƙera ta budurwa ya ƙera, yarinyar ta mai da ita jaririya don jaririya take buƙata. Wannan ma saɓa wa kamfani ne, daidai da na yayanta. Iyaye na gani suna murmushi domin wasan ya bi hanyar da ake so ta bi. Da ita ce ta zare tayoyin, da ta ji "ke, wannan wasan maza ne."

A cikin littafin hadisi na Abu Dawud an ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) ya dawo daga tafiya, iska ta yaye labulen wurin da Nana A'isha (RA) ke ajiye 'yan tsananta, ya ga doki a cikinsu da fukafukai biyu na ƙyalle. Ya tambaya, doki da fukafukai? Ta ce ashe bai ji Annabi Sulaiman yana da dawakai masu fukafukai ba? Ya yi dariya har haƙoransa na ciki suka bayyana. Ban kawo wannan don in yi fatawa a kan 'yar tsana ba, fagen malamai ne. Abin da ya tsaya mini shi ne yadda aka karɓi abin: aka yi tambaya, aka saurari amsa, aka yi dariya, fukafukan kuma suka zauna inda suke.

Abin da ya fi ƙarancin isa ga yarinyar ƙauye ma lokaci ne. Tsakanin ɗebo ruwa, da renon ƙane, da talla, da Islamiyya, wasanta a tsaitsaye take yinsa. Bin bashin ƙosan da take yi da rimot ɗin ma daga farantin tallar yayarta ta kwaso shi.

Fushin uwar nan kuwa yana da tushe, kada a raina shi. A gidan da ake lissafin kwanon hatsi zuwa kaka, abu mai kuɗi lallaɓa shi ake yi, wani lokaci ma a ɗora shi a kan akwati a riƙa kallo, yaron da aka saya dominsa sai da izini zai taɓa. Ga kuma nauyin mai kyauta, ta ji kunyata ne. Sannan ta san hannun da ya kwance motarsa yau, gobe rediyon ubansa zai nufa, ko fitilar sola ɗaya tilo da ke gidan. Nan akwai iyaka ta gaskiya, kuma ɗan shekara takwas ya isa ya san ta: naka ne ko na wani? Amma in an ce nasa ne, to nasa ne har tayoyin.

Mai ɓarna da mai bincike kuma ana rarrabe su daga abin da suka bari a ƙasa. Mai ɓarna dutse yake ɗauka, ya bar tarkace ya yi gaba. Mai bincike bakin wuƙa yake nema ya kwance noti ɗaya-ɗaya, kuma yana adana abin da ya ciro, har wanda bai san amfaninsa ba tukuna. In ba ƙira, me ya ci gawayi? A bayan rumbunmu an ga ƙirar, ga tirela ga fanka.

Abin da ya cancanci a ɗaga murya a kansa daban ne, kuma ba a cika ɗagawa ba. Ƙaramin batir mai kamar maɓallin riga, wanda ke cikin agogo da kayan wasa masu fitila, in yaro ya haɗiye shi ya maƙale a maƙogwaro yana iya ƙona naman wurin cikin awa 2. Asibiti ake nufa nan take, ba a tsaya jiƙo ba. Batirin waya da ya kumbura in an huda shi yana kamawa da wuta, shi ya sa shi kaɗai ne abin da na karɓe a hannun yaron, na musanya masa da na tocila. Robar maganin feshi, wadda ta cika gonaki tun da feshin ciyawa ya yawaita, yara na tsinta su yi mota da ita ko su ɗebi ruwa su sha. Sirinjin da aka yar a bayan shagon magani yana zama bindigar ruwa. Langa-langa na yanka, kuma raunin da ƙasa ta shiga ƙofa ce ga cutar sarƙewar haƙora in yaro bai yi rigakafi ba. Bindigar roba mai harsashi da ake sayarwa lokacin Sallah kuwa, ko an yi da ita daidai yadda kamfani ya nufa, ido take nema. Ita ba a dukan kowa a kanta, tunda ba a kwance ta ba.

Wasu kan kare irin wannan yaro da cewa injiniya ne gobe, su kawo sunan Jelani Aliyu, ɗan Sakkwaton da ya zana motar Chevrolet Volt a Amurka. Ina jin daɗin misalin, amma ba na son jingina da shi. Mu da muka yi motar kara a unguwarmu babu injiniya ko ɗaya a cikinmu: manoma ne, da masu haya da babur, da malamin firamare, sai ni. Tsakanin tirelar kara da zanen mota akwai makaranta mai malamin lissafi, akwai abinci, akwai lantarki, kuma kara ba ya maye gurbinsu. In kuma aka ce wasa ba zai halatta ba sai ya yi alkawarin sana'a, an sake mai da yaron ɗan aike ke nan, ko a bayan rumbun ma aikin manya yake yi.

Abin da ke sauyawa yanzu shi ne kayan aikin kansu. Karan da a da ake bari a gona wanda ya so ya ɗiba, yau kuɗi ne: abincin dabbobi ne, makamashi ne tun da itace ya yi wuya, darni ne. Dami-dami ake ɗaure shi a adana ko a kai kasuwa, kuma yaron da ya zari biyar daga damin wani zai sha faɗa. Gwangwani da waya da tsohon silifas kuma 'yan jari-bola na bi ƙauye-ƙauye suna saye, don haka yaron da a da zai ƙera mota da langa-langa yanzu tarawa yake ya kai sikeli. Ban ga laifinsa ba. Ga kuma wayar hannu, abin wasan da ba ya kwantuwa: yawancin wasannin da ke cikinta an kulle dokokinsu, ba za ka ciro tayar motar da ke bayan gilashi ka sa wa wata ba. Duk da haka, yaran da suka kalli wayar yayansu da dare, da safe da laka suke gina ta, har da kyamara uku a baya. Na ga adaidaita-sahu ta gwangwani, na ga na'urar POS ta kwali mai fitar da rasit na takardar siminti, na ga farantin sola na fasasshen madubi a kan rufin ɗakin ƙasa mai tsawon taƙi ɗaya. Duk abin da ya shigo gari, mako biyu ya ishe shi ya bayyana a bayan rumbu.

Da babbar Sallah na koma. Tirelar babu ita, wata safiya itace ya yanke uwarsa ta hura wuta da ita, kuma daga bakinta na ji, shi ko a jikinsa. Ruwa ya sauka, hankalinsu ya koma laka. Tayoyi biyu suna ƙarƙashin wani amalanke da shanun yumɓu ke ja, biyun ya musanya da danƙo a wajen abokinsa. Injin fankar ya ƙone. Rimot ya rasa maɓalli uku amma har yanzu ana bin bashi da shi. Kwanon yana nan inda yake, sai dai 'yan tsakin sun yi fiffike.

Da zan tafi ya rako ni bakin titi yana riƙe da jakata. Bai ce komai ba har mota ta tsaya, sannan ya ce, kansa a ƙasa: "Baffa, in Allah ya sa za ka sake sayowa, ka duba mai manyan tayoyi. Waɗancan yashi yana riƙe su."